Igiyar Ƙasa Ta Shiga Aji

A ƙasashen Ingila, Faransa, Amurka da Ostareliya akwai wata sana'a wadda, in aka ba da labarinta a babbar kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram, da yawa za su ɗauka tatsuniya ce. Wasu mutane ne, maza da mata, da ke kiwon macizai a gida kamar yadda muke kiwon tantabaru ko zomaye, kuma hanyar cin abincinsu ita ce su zuba dabbobin nan cikin akwatuna su bi makarantun firamare da na renon yara, ana biyan su domin su nuna wa ƴan makaranta. Ba a ɓoye ake yi ba. Darektan lakwal ne ke gayyato su, a sanar da uwayen yara tun da wuri, kuma kafin a tashi daga darasin sai ka ga yarinya ƴar shekara 6 tana shafa bayan maciji tana dariya.

Mu da ko sunan wannan halitta ba mu son kamawa da dare, sai dai mu ce igiyar ƙasa, abin na iya zame mana abin ƙyama ko abin ba'a. To amma, jama'a masu karatu, ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira. Ɗaya daga macizan da aka fi shiga da su azuzuwan Turawa daga maƙwabtanmu yake fitowa, daga Togo da Benin da Gana. Sa'an nan kuma mu ne maciji ke kashewa, ba su ba. Saboda haka tambayar ta shafe mu kai tsaye: mene ne ya kamata yaro ya sani game da maciji, kuma wa ya kamata ya sanar da shi?

Yadda ake gudanar da darasin

Mai macizan kan iso da akwatunan roba masu ƴan hudoji na shan iska, a lokacin sanyi har da abin ɗumama su, kasancewar maciji ba ya samar da zafin jikinsa da kansa, daga waje yake samo shi. Yara su zauna ƙasa su yi da'ira, a gindaya masu sharuɗɗa: ba ihu, ba gudu, ba mai miƙo hannu sai an ce ya miƙo. Wanda ya san aikinsa ba ya farawa da maciji. Sai ya fito da ƙaton dodon koɗi, ko ƙadandoniya, ko kunkuru, ko wani ƙadangare mai sanyin hali, har yaran su saki jiki. Daga ƙarshe ne yake buɗe akwatin da kowa ke jira. Shi ke riƙe da wajen kai, yaro kuma ya sa yatsu biyu ya shafa gadon baya, daga sama zuwa wutsiya, yadda ɓawon jikin ya kwanta. Wanda ba ya so ba a tilasta masa, ba a kuma bari ƴan uwansa su yi masa dariya. Ya tsaya daga nesa ya kalla. Da an gama, kowa ya wanke hannu da sabulu.

Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne jikin maciji a bushe yake, sumul, ba shi da yauƙi ko damshi kamar yadda suka zata. Daga nan sai tambayoyi su ɓarke. A gaya masu maciji ba shi da fatar ido, shi ya sa ba ya ƙiftawa. Ba shi da kunne a waje, motsin ƙasa ya fi ji. Harshen nan mai baki biyu da yake zarowa ba da shi yake sara ba, da shi yake shinshinar iska. A zagaya da saɓarsa hannu zuwa hannu. A kuma gaya masu abin da manya da dama ba su sani ba, wato cikin ire-iren macizai kimanin 4,000 da ke duniya, wajen 600 ne masu dafi, kuma cikinsu kimanin 200 ne ke iya kashe mutum ko su nakasa shi.

Ba kowane maciji ake kaiwa aji ba. Iri biyu ne suka fi yawa a wannan sana'a. Na farko shi ne wanda ake kira macijin masara, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka, siriri mai launin ja da ruwan goro, ba shi da dafi, kuma an daɗe ana hayayyafa shi a keji har ya saba da hannun mutane. Na biyun ɗan Afirka ne, wato wata ƙaramar mesa da Faransawa ke kira python royal. Tsawonta bai cika wuce mita 1 da rabi ba, ba ta da dafi, kuma idan ta tsorata ba ta kai sara, sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Wannan halin ne ya jawo mata farin jini, shi ne kuma ya jawo mata wahala.

A nan ƴan kasuwarmu masu zirga-zirgar Lome da Kwatano za su so su kasa kunne, domin haja ce da ke fita ta gefensu ba tare da sun lura ba. Tun daga shekarar 1975, lokacin da yarjejeniyar CITES mai kula da fataucin namun daji ta fara aiki, an fitar da ƙananan mesar nan fiye da miliyan 3 daga Afirka ta Yamma, galibi daga Togo, Benin da Gana, kuma mafi yawansu Amurka suka nufa. Mafarauta ne ke tona ramukan ɓeraye da tsofaffin surra su kamo mata masu ciki ko su kwaso ƙwai, a ƙyanƙyashe a gidajen kiwo, a saka ƴaƴan a jirgin sama. Abin ban mamaki, a birnin Wida na ƙasar Benin wannan mesa ce ake girmamawa a wani ɗakin tsafi da masu yawon buɗe ido ke ziyarta har a rataya masu ita a wuya. A can Turai da Amurka kuwa tana iya yin shekara 20 zuwa 30 a cikin akwatin gilashi, ana ba ta mataccen ɓera sau ɗaya a mako ko a mako biyu.

Tsoro: gado ne ko koyo?

Masu wannan sana'a na cewa tsoron maciji koyon sa ake yi, ba a haihuwar yaro da shi. Binciken masana ya ba su gaskiya, amma rabi.

A shekarun 1980 wata masaniya a Amurka mai suna Susan Mineka ta lura da cewa biran da aka haifa a ɗakin bincike ba su damu da maciji ba, alhali waɗanda aka kamo daga daji da sun gan shi sai su firgita. Da ta bar biran gida suka kalli yadda na daji ke razana, cikin ɗan lokaci su ma suka kamu da tsoron, kuma bai sake su ba har bayan watanni. Daga baya ita da abokin aikinta Michael Cook suka yi dabara: suka harhaɗa hotunan bidiyo ta yadda za a ga kamar biri na razana ne saboda fure. Biran da suka kalla ba su ji tsoron fure ba ko kaɗan. Wato dai tsoro koyo ne, amma ƙwaƙwalwa a shirye take ta koyi tsoron maciji fiye da na sauran abubuwa.

Ga ƴan adam ma haka abin yake. A shekarar 2008 Vanessa LoBue da Judy DeLoache na jami'ar Bajiniya sun nuna cewa yara ƴan shekara 3 zuwa 5 sun fi saurin gano hoton maciji a cikin hotunan furanni, bisa ga gano fure a cikin hotunan macizai. A 2017 kuma masu bincike a Jamus da Suwidin sun auna idanun jarirai ƴan wata 6, suka ga ƙwayar idon na ƙara buɗewa idan an nuna masu maciji ko gizo-gizo. To sai dai lura daban, tsoro daban. Da LoBue da abokan aikinta suka ajiye ƙananan yara waɗanda ba su wuce shekara 3 ba a ɗaki tare da maciji mai rai a cikin gilashi, yaran matsawa suka yi kusa suna kallo, ba su gudu ba. Manya ne ke ja da baya. Shi ya sa masu kai macizai makaranta kan roƙi mushe ko madam tun kafin a fara da su daure su ɓoye tsoronsu, domin idan malami ya yi tsalle ya hau tebur, darasin ya ƙare ke nan.

Wannan batu na ƙarshe a riƙe shi da kyau, za mu dawo kansa: ƙaramin yaro ba ya gudun maciji sai an koya masa.

A Faransa ma an gwada. Jean-Marie Ballouard da Xavier Bonnet, na cibiyar binciken halittu ta Chizé, sun fita daji da ɗaruruwan ƴan firamare, aka nemo macizan da ba su da dafi, aka auna su, yara suka taɓa, aka sake su. Sakamakon da suka wallafa a 2012 ya nuna cewa bayan fitar, kusan duk yaran sun ce suna son macizai kuma suna so a kare su, har da waɗanda da farko suka ce suna ƙyamarsu. Masanan sun jaddada cewa taɓawa da hannu ita ce ta yi tasirin da bayanin baki kaɗai ba ya yi. Manufarsu a fili take. A Turai macizai raguwa suke yi, doka ta hana kashe su, kuma ana so a samu ƴan baya da ba za su ɗauki sanda ba da zarar sun ga abu na jan ciki.

Ko a can ba a rasa masu suka

Likitoci ne suka fara ɗaga murya, kuma ba don sara ba. Macizai da ƙadangaru da kunkuru kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, ta biyo kashinsu ta shafi jikinsu. Yaron da ya taɓa ya kai hannu baki na iya kamuwa da zawo da masassara mai tsanani, wani lokaci har cutar ta shiga jini. Tun a 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru waɗanda ba su kai santimita 10 ba saboda yawan yaran da suke sa wa ciwo, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, na ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 5 ba ya taɓa irin waɗannan dabbobi. Ke nan kai maciji makarantar renon yara, inda ake tsotsar yatsa, ya saɓa wa shawarar likitocinsu da kansu.

Masu kare haƙƙin dabbobi su ma suna da tasu hujja. Suna cewa dunƙulewar da ƙaramar mesa ke yi ba ladabi ba ne, tsoro ne, kuma dabbar da ta saba wuni cikin rami ba ta da abin da za ta ƙaru da shi a hannun yara 30 masu hayaniya. Masu sana'ar na ƙwarai sun amsa da wasu ƙa'idoji: ba a fita da maciji sai bayan kwana biyu da cin abincinsa, ba a fita da shi lokacin da zai yi saɓa, kuma ana hutar da shi tsakanin ziyara da ziyara. A Ingila tun 2018 doka ta wajabta wa mai nuna dabbobi don kuɗi ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma. A Faransa kuma sai da takardar shaidar ƙwarewa.

Akwai kuma abin da ya faru a garin Campbellton na ƙasar Kanada a watan Agusta na 2013. Wasu yara biyu wa da ƙane, ɗan shekara 6 da ɗan shekara 4, sun kwana a wani gida da ke bisa kantin sayar da dabbobi. Cikin dare wata babbar mesa ta kuɓuce daga ɗakinta ta bi bututun iska ta faɗo inda suke barci, ta shaƙe su duka biyu. Ba a makaranta abin ya faru ba, kuma ba ƙaramar mesar nan ba ce, irin babbar tamu ce ta Afirka da ke haɗiye akuya. Amma ya tunatar da Turawa cewa rashin dafi ba shi ne rashin haɗari ba.

Abin da ya raba mu da su

A duk faɗin Birtaniya maciji mai dafi iri ɗaya ne tak, kuma rabon da ya kashe mutum tun 1975. Yaron Ingila da aka koya wa son maciji, ko da ya yi wauta ya miƙa hannu a daji, da wuya abin ya wuce kwana ɗaya ko biyu a asibiti. Kuskurensa mai araha ne.

Namu fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara macizai na saran mutane kimanin miliyan 5.4 a duniya, tsakanin 81,000 zuwa 138,000 su mutu, sa'an nan waɗanda ke rasa hannu ko ƙafa ko su nakasa sun ninka mamatan kusan sau uku. Jean-Philippe Chippaux, masani a cibiyar bincike ta IRD, ya tattara alƙaluman Afirka kudu da Sahara a 2011, ya samu kimanin mutum 314,000 da dafi ke shiga jikinsu a shekara, fiye da 7,000 kuma su rasu. Kowa ya san ba duka ake ƙirgawa ba, domin wanda ya mutu a ƙauye a hannun mai maganin gargajiya ba ya shiga rajistar kowa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne manoma, makiyaya, mata masu neman itace da kuma yara. Yaro kuwa jikinsa ƙarami ne, alhali dafin da maciji ke zuba masa daidai yake da wanda zai zuba wa ƙato.

Masu bincike Jean-François Trape da Youssouph Mané sun tattara macizai 1,714 a sassa daban-daban na Nijar tsakanin 2004 da 2008, kuma a rahoton da suka fitar a 2015 sun lissafa iri 51 da aka sani a ƙasar nan. Mafi yawansu ba su da wata illa ga ɗan adam, hasali ma aiki suke yi mana, tunda su ke rage ɓerayen da ke ɓarna a rumbuna da shagunan hatsi. Amma cikin sauran akwai kububuwa, akwai kasa, akwai kumurci da gamsheƙa. Kububuwa ita ce uwar ɓarna a ƙasashen Sahel da na sabana. Ƴar ƙarama ce, da ƙyar take wuce kamu uku, launinta ya saje da ƙasa, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda ta sara na iya tashi ya ci gaba da harkokinsa, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi da fitsari da tsofaffin miyaku, ko ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Ba banza ba Bahaushe ya raɗa mata gobe da nisa.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. A ƙasarmu marar dafi da mai dafi kama suke yi da juna. Akwai wani maciji mai shan ƙwai, ko haƙoran kirki ba shi da su, amma zanen jikinsa irin na kububuwa ne, har gogar jikinsa yake yi ya fitar da irin sautinta don ya tsorata abokan gaba. Akwai kuma wani ɗan baƙi mai zama cikin ƙasa, wanda masana ke kira Atractaspis, kamanninsa na talakan macijin gida ne, amma yana da dafi, kuma ko an kama shi ta bayan kai yana iya zaro haƙori ta gefen baki ya soki yatsa. Ƙwararru da kansu sun sha faɗawa tarkonsa. Idan haka ne, yaya za a ce wa ɗan aji biyu wannan ka taɓa, wancan kada ka taɓa? Tunda an tabbatar ƙaramin yaro ba ya gudun maciji sai an koya masa, darasin da zai nuna masa cewa shafa maciji abin sha'awa ne zai iya zame masa ajali ranar da ya ɗaga dami a gona. A ganinmu, duk wanda ya kwaso wannan tsari yadda yake ya kawo lakwal ɗin Tasawa ko ta Madawa ya yi ganganci.

To amma barin abin yadda yake a yanzu shi ma ganganci ne. Yau ina yaranmu ke samun iliminsu na maciji? Daga tatsuniya, daga labarin macijiyar rijiyar Kusugu da Bayajida ya sare wa kai a Daura, sai kuma daga gardi ranar kasuwa. Gardi shi ma nuna wa yara maciji yake yi, har ya rataya shi a wuya, amma saƙonsa kishiyar na malamin Turai ne. Malamin na cewa babu wani asiri, ga yadda dabbar take. Gardi kuwa cewa yake yi asirin na wurina, saya ka sha, maciji ba zai kama ka ba. A ƙasashe da dama an san masu wasa da maciji kan cire masa haƙora ko su ɗinke masa baki, kuma haƙoran kan sake tsirowa. Yaron da ya tashi da imanin cewa ya sha magani shi ne zai tura hannu rami. Wanda kuma ya tashi da tsoro tsagwaronsa, irin na wanda aka ce in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, shi ne zai kira abokansa su taru da duwatsu da sanduna, alhali wajen ƙoƙarin kisa ne ake samun sara da yawa. Ko yankakken kan maciji yana iya sara bayan an raba shi da gangar jiki.

Darasin da ya dace da mu

Abin da za mu ara daga Turawa shi ne yarda da cewa maciji darasi ne da ake koyarwa a aji, da rana tsaka, ba da raɗa ba, kuma ganin abu da ido ya fi jin labarinsa. Abin da za mu bar masu shi ne taɓawa. Indiya, wadda wani bincike na 2020 ya ƙiyasta tana rasa mutum kimanin 58,000 a shekara saboda saran maciji, ta daɗe da kama wannan hanya. Tun farkon shekarun 1970 Romulus Whitaker ya kafa gidan macizai a birnin Madaras, wanda yanzu ake kira Cennai, inda ƴan makaranta ke zuwa su ga masu dafi da marasa dafi daga bayan shinge, a koya masu bambancinsu da abin yi idan an yi sara. Mu ma muna da inda za a fara. Gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana da sashen namun daji da ƴan makaranta suka saba ziyarta. A sauran jihohi kuwa jami'in gandun daji da majo na gidan likita sun isa, idan suka shiga aji tare da manyan hotuna, da saɓa, da mataccen maciji a cikin kwalbar magani.

Abin da za su faɗa ba shi da yawa, kuma ba ya buƙatar kuɗi. In ka ga maciji, kowane iri ne, ka tsaya, ka ja da baya sannu, ka kira babba. Kada ka tura hannu ramin gafiya ko kogon itace ko ƙarƙashin dami; ka fara zungura da sanda. Da dare a riƙe cocila, a sa takalmi. A kwanta bisa gado ba a ƙasa ba, a cusa bakin gidan sauro ƙarƙashin shimfiɗa, domin yana tare abin da ya fi sauro. A share ciyawa da tarkace daga gindin ɗaki da rumbu, tunda inda ɓera ya yi gida nan maciji ke biyo shi.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, a nan ne al'ada ta fi cutar da mu, kuma a nan ne ɗan makaranta zai iya ceton gidansu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ɗaure ƙafa ko hannu tamau da igiya ko roba, domin hakan na kashe gaɓar har a kai ga yanke ta. Kada a tsaga wurin, musamman ga saran kububuwa inda jini ba zai tsaya ba. Kada a tsotsa. Baƙin dutsen nan da ake mannawa an gwada shi, ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jiki. Abin yi shi ne a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a kwantar wa mutum da hankali, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a amalanke ko babur ko mota zuwa gidan likita ba tare da an biya ta ko'ina ba. Kada a ba shi asfirin. In kumurci ne ya fesa dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take. Ba sai an tsaya neman macijin don a kai shi asibiti ba. Akwai gwaji mai sauƙi da aka inganta tun aikin da likita David Warrell da abokansa suka yi a arewacin Najeriya a shekarun 1970: a zuba ɗan jinin majiyyaci a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, idan bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai allurar maganin dafi.

Wannan allura ita ce inda hukumomi ke da nasu alhakin, domin ba shi da amfani a ce wa yaro ya gaya wa mahaifinsa a tafi asibiti idan za a je a tarar babu magani, ko a tarar da tsadar da ta fi ƙarfin talaka. A 2014 kamfanin Sanofi Pasteur ya daina yin maganin Fav-Afrique da likitocin nahiyar suka dogara da shi, kuma na ƙarshen da ya rage ya lalace a watan Yuni na 2016. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta fito da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. A garin Kaltungo na jihar Gwambe a Najeriya akwai asibiti na musamman da ke karɓar dubban waɗanda maciji ya sara a kowace shekara, inda ake aiki da magungunan EchiTAb da aka haɗa da dafin macizan yankin. Wannan batu na yanki yana da muhimmanci ga masu shigo da magunguna. Maganin da aka yi da dafin macizan Indiya ba ya aiki yadda ya kamata ga kububuwarmu, ko da kuwa ya fi araha.

Saura batun lokaci, wanda ma'aikatar ilimi kaɗai ke iya warwarewa. Duniya ta keɓe 16 ga Yuli a matsayin ranar maciji, 19 ga Satumba kuma ranar faɗakarwa kan saransa. Duka biyun sun faɗo cikin babban hutunmu, lokacin da azuzuwa ke rufe, yara kuma na gona suna noma da kiwo da yankan ciyawa ba takalmi, wato daidai lokacin da sara ya fi yawa, daga saukar damina har zuwa ɗaurin dami da kaka. Idan aka jira komawa makaranta a watan Oktoba an makara. Darasin maciji a Nijar na watan Mayu ne ko farkon Yuni, kafin a sallami yara su tafi gona.